Ɗigon da Niam Ta Kasa Kankarewa

Bari in fara da faɗin laifina, don kada wata ta rubuto mini cewa ina wanke kaina. Na yi alkawari da hankalina, na riƙe shi shekara shida, na warware shi cikin minti huɗu a kan teburin kicin. Ba don na canja ra'ayi ba, sai don ina son manyan saurayina su shigo gidanmu ranar Asabar ba tare da rigima ba. Wanda ya yi haka ba abin tausayi ba ne, kuma ba tausayi nake nema ba. Ku karanta har ƙarshe kawai, domin ni kaina har yanzu ban san inda gaskiyar take ba.

Ga wadda yau ne shigowarta: sunana Kabao Lor, shekaruna talatin da uku, 'yar ƙabilar Hmong ce ni, haihuwar Wausau a jihar Wisconsin. Ina aiki a kamfanin ƙera tagogi, ɓangaren naɗe kaya. Na bar makaranta ina da shekara sha bakwai, lokacin da mahaifinmu ya kwanta ciwon da bai tashi ba, kuma ɗan abin da na sani bayan nan a ɗakin karatu na gari na tsince shi. Ni da mahaifiyata, wadda muke kira Niam, muna zaune a ƙasa, yayana Toua da iyalinsa suna sama. Mai nemana sunansa Leng Kue. Aikinsa kai marasa lafiya wurin wankin ƙoda da motar kamfaninsu, ya jira su, ya mayar da su gida. Shekara biyu muna tare, kuma Asabar ɗin nan ce dattawansa za su zo da lemarsu a hannu, kamar yadda al'adarmu take, su nemi aurena.

Mako biyu kafin nan aka yi jana'izar wani saurayi ɗan ƙabilarmu mai shekara ashirin da biyu da ya faɗi da babur. Kwana uku ana buga ganga, ana busa masa sarewar da take nuna wa mamaci hanya. A rana ta biyu magana ta fara yawo daga wurin masu dafa abinci zuwa wurin masu zaman makoki: an ɗauki zuciyarsa, da hantarsa, da ƙodarsa biyu. Iyayensa sun ce a'a, kawunnansa sun cika asibiti, aka nuna musu cewa shi da kansa ya yarda ranar da ya karɓi lasin tuƙi, kuma a doka maganar mamaci ce a gaba. A wurin tsofaffinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum tafiya yake yi ya dawo, wanda ya tafi da giɓi kuwa da giɓi zai dawo.

Daga ranar iyaye mata na garinmu suka zama 'yan sanda. Duk wadda ta haihu tana binciken aljihun 'ya'yanta, tana neman ɗan ɗigon nan mai ruwan lemo da ake sa wa lasin wanda ya yarda a ɗauki sassan jikinsa bayan ya mutu.

Ranar Laraba na dawo aiki, na shiga wanka, na bar jakata a kan kujera. Da na fito da tawul a kaina na tarar an zazzage ta a kan teburi: makullai, man leɓe, rasit, katin aiki. Niam ta ɗora gilashinta a kan hanci, ta danne lasina da hannun hagu, tana kankarar kusurwarsa da 'yar wuƙar da take yanke zare.

Na ce, "Niam, me kike yi da jakata?"

"Mai jakar ma na ɗauke ta wata tara ban nemi izini ba." Ba ta ɗago ba. "Na Toua da farce na ɓamɓare shi tun yana yaro. Wannan ya ƙi."

"Na da manna shi ake yi. Yanzu a cikin katin suke buga shi."

"Sun yi wayo."

"Ko kin huda katin, Niam, sunana yana cikin na'urarsu."

Sai a lokacin ta ajiye wuƙar. Ta cire gilashin, ta dube ni irin duban da take yi wa kayan lambun da ƙwari suka shiga. "Wa ya tilasta miki?"

"Ba kowa."

"To wa ya ruɗe ki?"

Ba a ruɗe ni ba. Akwai wata dattijuwa Baturiya da muke aiki layi ɗaya, sunanta Darlene. Ɗanta ya mutu a hatsarin babur ɗin da ake hawa a kan ƙanƙara, kuma a cikin akwatin abincinta akwai wasiƙar da wani mutum ya rubuto mata, mutumin da yake numfashi da huhun ɗan nata. Na karanta wasiƙar sau ɗaya, da lokacin sabunta lasina ya yi aka tambaye ni, na ce e. Na gaya wa Niam haka, a taƙaice.

Ta ce, "Ita Baturiyar tana da hanyarta, ke kina da taki. Ko tare za ku tafi?"

Ta tashi ta shiga ɗakinta. Na ji tana jan akwatin nan na ƙarƙashin gado. Ta fito rungume da farin siket mai ninki, wanda har yanzu zaren da ya riƙe ninkin bai fita ba, ta shimfiɗa shi a kan kujera a hankali, ta ɗora rigar baƙin karan-miski mai shuɗin hannu a kai, da ɗamarar da ta yi wa ado da zare ja da kore.

"Wata bakwai ina ninka wannan, idona har ruwa yake yi. Da shi za ki tsaya ranar biki, da shi za a kwantar da ke ranar da ba na nan. In kin ba da cikinki, a kan me za a ɗaura shi? A kan buhu?"

"Niam, ana ɗinkewa."

"Buhu ma ana ɗinke shi." Ta zauna. "Ki saurare ni, 'yata. Ranar Asabar zan miƙa wa mutanen Kue 'ya. Daga nan ke tasu ce, kakanninsu ne za su san kurwarki, su za su binne ki. In ba mutum kaza in ce masa cinya da ƙirji na riga na yi wa wasu alkawari? Ni ban iya wannan abin kunya ba. Ki cire sunanki kafin Juma'a. In ba haka ba in sa yayanki ya kira su ya ce a ɗaga."

Kamar an kira shi, sai ga Toua yana saukowa da gajeren wando da silifa, da kwanon shinkafa a hannu. Ya ɗauki lasin, ya kara shi da fitila, ya yi 'yar dariya.

"Ke da ko cajar waya ba kya ba mutum aro, yau ke ce mai rabon hanta?"

"Yaya, ba wasa ake ba."

"Na sani." Ya ajiye kwanon. "Kin san wa ake kira ranar jana'izar mace? Ɗan'uwanta. Ni za a zaunar a gaban jama'a, in tambayi dangin miji me ya kashe ƙanwata, an kula da ita ko ba a kula ba, ta tafi cikakkiya ko ba ta tafi ba. Me kike so in ce? In ce ku dakata in kira wani mutum a jihar Ohio ya kawo mana ragowar?"

"Kai ka yarda da wannan duka? Cewa zan dawo ba ƙoda?"

Ya sosa keya. "Ranar aiki, kamar Litinin, ban yarda ba. Ranar jana'iza kuwa, in na ji ganga, na yarda." Ya ɗauki kwanonsa ya koma sama. A ganina ba a faɗi gaskiyar da ta kai wannan ba a gidanmu cikin makon nan.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, gashina yana ɗiga a kan rigata, na rubuta wa Leng.

*Niam ta ga ɗigon.*

*Wane ɗigo?* Sai wani ya biyo: *Au.*

*Ta ce in ban cire ba a ɗaga Asabar.*

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo. Na ɗauka doguwar magana ce ke zuwa, domin mutumin da yake yini da masu jiran ƙoda ai ba zai rasa abin faɗa ba.

*Cire kawai, tawa. Ba komai.*

*Ba komai kamar yaya?*

*Ki yarda da ni. Cire. Kin ci abinci?*

'Yan mata, ku riƙe wannan. In kika kawo wa namiji magana mai nauyi ya tambaye ki ko kin ci abinci, ba kulawa ba ce, ƙofa yake rufewa. Na san haka tun a lokacin. Amma ina son a rufe ƙofar, shi ya sa ban tura ta ba.

Na fito da kwamfuta na ɗora a kan teburin kicin, na buɗe shafin rajistar masu ba da sassan jiki. Niam ta jawo kujera ta zauna a kafaɗata, duk da ba ta karanta Turanci. Na sa suna, na sa ranar haihuwa, na sa lambar lasin. Aka tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba, na danna e. Minti huɗu.

"Ya fita?"

"Ya fita."

"Ina ya tafi?"

"Ya goge, Niam."

Ta shafa bayana sau biyu, abin da rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu. Ta tashi ta ɗora kaza a wuta da ganyayen da take shukawa a bayan gida, ta sa mini cinya da hannunta. Na ci, kuma ta yi daɗi. Na faɗi wannan ne don ku san cewa mutum yana iya saɓa alkawari ya ci abinci ya ƙoshi.

Washegari Alhamis, da lokacin hutun rana ya yi, na fita wurin ajiye motoci da rigar sanyina. Niam ta ce ba ta son ganin ɗigon ko da ba ya aiki, don haka na kira lambar da ke ƙasan saƙon da masu rajistar suka aiko mini bayan na cire sunana, in tambayi yadda ake samun sabon kati. Wata mace ce ta ɗauka, mai magana a hankali kamar malamar yara. Ta gaya mini ofishin da zan je. Har zan kashe sai ta ce, "Kafin ki tafi, ina so in tabbatar kin fahimci abin da cire suna yake nufi."

"Yana nufin ba za a ɗauki komai ba."

"A'a. Yana nufin ke ba ki bar magana ba. In lokacin ya zo, za a tambayi wanda ya fi kusa da ke."

"Wa ke nan?"

"Kina da aure?"

"Tukuna."

"'Ya'ya manya?"

"Babu."

"To yanzu iyayenki ne. In kika yi aure, mijinki ne a gaba."

Na jingina da motar wani. "Ki tsaya. Ko da mahaifiyata tana wurin tana cewa a'a?"

"Za a saurare ta. Amma miji ne a gaba. In kina son a'a ɗin da ba mai iya juya shi, sai ki rubuta da hannunki cewa kin ƙi, ki sa hannu, ki ajiye inda za a gani, ki gaya wa iyalinki."

Na yi godiya na kashe. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ni na ɗauka ƙofa biyu ce, e ko a'a, na fita daga ɗaya na shiga ɗaya. Ashe a tsakiya nake tsaye. Ban cika alkawarin da na yi ba, ban kuma ba Niam abin da take tsammanin na ba ta ba. Abin da na yi shi ne na ɗauki jikina na miƙa wa Leng, mutumin da ban taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan wannan ba ko sau ɗaya.

Na koma ciki na tarar da Darlene tana cin burodinta a kan akwatin katako. Ban yi niyyar gaya mata ba, amma fuskata ba ta iya ɓoye abu.

"Wa ya mutu, yarinya?"

Na gaya mata duka, ina jiran ta canja fuska. Ta ci gaba da tauna.

Ta ce, "Kin ɗauka ni na ba da huhun ɗana? Da ni aka tambaya a ranar nan, da na yaƙushe fuskar mai tambayar. Shi ya riga ya sa hannu. Na zage shi a raina wata shida." Ta goge baki da bayan hannu. "Yanzu in kin tambaye ni abin da na fi gode masa, ba wasiƙar ba ce. Bai bar mini tambayar ba."

"To me zan yi?"

"Ni uwarki ce? Kina da guda, kuma da alama ta ishe ki."

Aka buga ƙararrawa muka koma layi. Ranar nan sau biyu ina naɗe taga a juye.

Ga abin da ya ɗaure mini kai, zan faɗe shi yadda yake. Zan iya zama in rubuta takardar ƙi, Niam ta samu abin da take so da gaske. Na ma ɗauko takarda da yamma, na rubuta sunana a sama, hannuna ya tsaya. Na tuna dattijon nan da Leng ya taɓa nuna mini ta tagar mota, wanda shekara bakwai yana zuwa wanki sau uku a mako, yana zuwa da hularsa a goge kamar mai zuwa biki. Zan iya kuma mayar da sunana a ɓoye, minti huɗu ne, Niam ba za ta sani ba sai ranar da sani ba zai amfane ta ba. Wannan sata ce, ko da jikina ne. Kuma akwai abin da ya fi waɗannan damuna, wanda ban gaya wa kowa ba sai ku: ba ni da tabbacin Niam ta yi kuskure. Na karanta littattafai, na san me hanta take yi, na san ba a ganin kurwa a hoton asibiti. Amma ni ma na zauna kwana uku ina jin ganga ranar mahaifinmu, kuma ban ji kamar wasa ake yi ba. Duk mai ce muku ya san abin da ke bayan mutuwa sarai, ko ta wannan gefe ko ta wancan, ku riƙe jakarku.

Na naɗe takardar na sa a aljihun rigar aiki. Na rubuta wa Leng cewa gobe ya ɗauke ni daga aiki.

Juma'a ƙarfe uku da rabi yana bakin ƙofar kamfani, da sabon aski, da rigar nan mai ruwan toka da na saya masa. Kujerar baya cike da katan-katan na lemo da buhun shinkafa na gobe. Ya miƙo mini shayi mai zafi a kofin takarda, ya sa madara yadda nake so. Ina faɗin wannan ne don kada ku ɗauka mugu ne. Da mugu ne da na huta.

Yana tuƙi yana ba ni labarin kawunsa da ya kwana yana maimaita waƙoƙin neman aure, matarsa ta kore shi gareji. Na bar shi har ya tsaya a gaban gidanmu, ƙarƙashin bishiyar da ganyenta ya zube ya rufe ciyawa.

Na ce, "Kada ka kashe motar tukuna. Ka san cewa in na cire sunana, kai za a tambaya?"

Bai yi mamaki ba. Murmushi ma ya yi. "Sun gaya miki ke nan."

"Ka sani?"

"Kabao, a cikin wannan nake yini. Tun tuni na sani. Shi ya sa na ce ki cire."

"To in sun tambaye ka, me za ka ce?"

"In ce e mana." Ya juyo gaba ɗaya, ya dafa kujerata, fuskarsa kamar mai miƙa kyauta. "Ki duba. Niam ɗinki ta samu kwanciyar hankali, an yi Asabar lafiya, babu ɗigo. In abin ya zo, ba fata nake ba, in sa hannu a ɗaki ni kaɗai, in fito in ce musu na hana. Kin samu abin da kike so, ita ma ta samu. Wa aka cuta?"

"Yaya Toua fa? Shi zai tambaye ka a gaban jama'a."

"Tambaya ce kawai, ba mai buɗe riga yanzu. Kaya nawa ake jibga wa mamaci? Kuma yayanki in ya ga nama da giya, ko ba kai aka kawo ki zai ce kin cika."

"Kada ka yi wasa da yayana."

"Yi haƙuri." Ya sassauta murya. "Ni ma haka na yi, tawa. Tun bara na cire nawa, da tsohuwarmu ta fara kuka. Dama jira nake mu yi aure in gaya miki. In na riga ki, ke za ki sa mini hannu, ki fito ki ce kin hana."

Kofin yana ƙona mini tafin hannu, ban ajiye ba. Wato ba ƙarya ɗaya ya tanada ba, biyu ce, ɗaya tasa ɗaya tawa, ya ninke su ya ajiye kamar kayan biki. Kuma abin da ya ruɗa ni shi ne, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Mutumin nan ya zauna ya yi tunanin yadda zai kare abin da nake so. Hanyarsa tana aiki. Masu jira za su samu, tsofaffi za su mutu da kwanciyar hankali. Na nemi ramin da ke cikinta na ɗan lokaci ban gani ba.

Na ce, "In kuma na canja ra'ayi da gaske fa? In yanzu a'a nake so?"

"Ba ki canja ba. Na san ki."

"Ka tambaye ni?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Ni ban san abin da nake so ba, Leng. Kwana biyu ina nema. Kai kuma ka sani tun bara." Na ajiye kofin. "Gobe za ka durƙusa a gaban Niam, goshinka a ƙasa, ka kira ta uwa. Za ta ba ka abinci shekara ashirin, ta goya 'ya'yanka, kana kallonta kana sane da abin da ka shirya. Ba ka ji komai ba?"

"Ina jin tausayinta. Shi ya sa ba zan gaya mata ba."

"Ranar da ka ji tausayina, me za ka ɓoye mini?"

"Haba, Kabao. Wannan daban."

Mai yiwuwa daban ne. Ni dai abin da rayuwa ta nuna mini shi ne, namijin da ya iya ƙarya dominki hannunsa bai yi rawa ba, ranar da zai yi miki ita ma ba zai yi rawa ba. Amma kada ku ɗauka na faɗi wannan ina jin kaina mai tsarki. Ni ce na danna na tabbata alhali ban tabbata ba. Ni ce na ce wa Niam ya goge, na ci kazarta, kuma tun jiya na san ba haka ba ne na yi shiru. In Leng maƙaryaci ne, ya samu daidai da shi.

Na ce, "Gobe dattawanka za su shigo. Yau kai za ka shigo. Abin da ka faɗa mini yanzu, ka faɗa mata ina tsaye."

"Za ta fasa auren."

"Mai yiwuwa."

"Kina so ki rasa ni a kan abin da ba zai zo ba sai nan da shekara hamsin?"

"Wa ya ba ka hamsin ɗin?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. "To in ta ce in yi rantsuwa zan ce a'a? In rantse?"

"Ban sani ba."

"Ke me za ki ce mata kina so?"

"Ban sani ba, na gaya maka. Zan ce mata ban sani ba. Ko ba komai wannan gaskiya ce."

Na buɗe ƙofa na fita. Ban waiwaya ba, domin na san in na ga fuskarsa zan koma in zauna, in sha shayina, a yi Asabar. Na hau matakala uku, na cire takalmina a bakin ƙofa, injin motar yana ta aiki a bayana. Gidan yana ƙamshin citta da tafasasshiyar kaza. An ture kujeru jikin bango, an kawo dogon teburi daga ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida don baƙin gobe. Niam tana zaune a kan 'yar kujerarta da babban kwano a gabanta tana yanka kabeji.

"Ke kaɗai? Na ga motarsa. Rufe ƙofar, sanyi yana shigowa."

"Bari tukuna, Niam."

Na tsaya riƙe da ƙofar. Na ƙirga numfashina har na ɓata lissafi. Sai injin ya mutu. Na ji takunsa a kan ganye, a hankali, kamar mai ɗauke da kaya. Ya shigo ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe a kanta fiye da yadda igiya take buƙata.

Niam ta miƙe da sauri, ta goge hannu a zaninta, ta kama hannunsa da nata biyu.

"Ɗana, shigo, shigo. Toua ya ce mini kai ka sa baki ta cire abin nan. Kwana biyu ina barci kamar jaririya saboda kai. Na ce wa mahaifinta da safe, da na kunna masa turare, na ce ka huta, 'yarka ta samu wanda zai kai ta gida cikakkiya."

Leng ya dube ni ta saman kanta. Hannunsa yana cikin nata, ba ta sake shi ba.

Na tura ƙofar ta rufe. Na ce, "Niam, zauna. Leng yana da maganar da zai faɗa miki. In ya kasa, ni zan faɗa."